Filin da Na Saya da Shanun Inna

A Dakoro yanzu, idan mutum uku suka zauna shan shayi, kafin a zuba na biyu wani ya ɗauko zancen fili. Mutanen daji suna ta shigowa gari, wasu fari ya koro su, wasu tsoro, kuma kowa yana neman inda zai kafa ɗaki. Inda muke harbin kurciya muna yara, yau turakun simintin meri, wato hukumar gari, ne a jere suna shata filaye.

Ƴan shekarun baya haya nake yi, mai gidan kuma ya yi ta ƙari har na daina mamaki. Wani dillali ya kai ni arewacin gari ya nuna mini fili, ya ce akwai ɗan kasuwa daga Maraɗi da ya sa masa ido. Wataƙila ƙarya yake yi. Amma filin da ke kusa da shi na san yadda aka saye shi bara, na kuma ji yadda aka taya shi bana.

Albashina ba ya sayen fili. Abin da nake da shi shanun Inna ne. Asalinsu karsana guda ce da kakana ya ba ta lokacin aurenta, ta damƙa ta ga wani Bafillace a wajen Tagris, zuriyar ta yi ta yaɗuwa a hannunsa. Baffa muke kiransa. Duk kaka yakan zo da man shanu, ya zauna ya ba Inna labarinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar ƴaƴanta ne da ke aure a nesa. Da ta rasu bai daina zuwa ba. Ni yake ba labarin, kuma bai taɓa cewa shanuna ba, sai dai shanun Inna.

Na same shi a bakin rijiya na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Kai Kaɗo," ya ce, "ƙasa haihuwa take yi?"

"A Dakoro tana yi, Baffa. Ta fi saniya ma."

"To nono fa? Ko da yashi za ka dama wa yara fura?"

Muka yi dariya. Daga nan ya juya ya dubi garken. Ya ce makiyaya tana ƙanƙancewa, kuma ɓarayi sun kore wa maƙwabcinsa garke ɗungurungum. "Turakun siminti ba a kora su," ya ce. "Saya, ɗana."

Shi ya koro su da ƙafa zuwa kara, inda ake cinikin dabbobi, ranar kasuwa. Ciniki bai ja ba. Wani falke mai kai shanu kudu ya saye su duka, aka ja su zuwa tudun da ake loda mota. Kowace ta hau bayan ta sha sanda, ban da jar saniyar da ke jan garken. Yaran mota suka ja igiya, suka murɗa mata wutsiya, ta kafe ƙafafu a bakin katako. Direba ya fara zagi. Falken ya juyo wurin Baffa.

"Tsoho, taimaka mana, rana tana yi."

Baffa ya aje sandarsa, ya kama ƙarfe ya hau gefen motar. Sai ya yi kiran da yake yi musu idan ya gama cika komin shayarwa da ruwa, wani siririn sauti mai tsawo daga maƙogwaro, da sunanta a ƙarshe. Tun ina yaro na san kiran. Saniyar ta ɗaga kunnuwa. Ta hau da kanta, da sauri ma, tana sunsunar katakon motar tana neman ruwan. Aka rufe ƙofa a bayanta.

Da ya sauko na ce mu je gida a ci abinci. Ya ce hanya da nisa. Sai da na nuna masa sandarsa a ƙasa, don ya juya zai tafi ba ita.

Na sayi filin, na gina ɗaki biyu da zaure. Yau kuɗin da na bayar ko rabin fili ba zai saya ba a unguwar, kuma a shekarar da ta biyo baya dabbobi da yawa sun mutu a arewa. Duk wanda ya ce na yi dabara, gaskiya ya faɗa. Sai dai kaka tana zuwa ta wuce ba wanda ya yi sallama da man shanu. Na taɓa gamuwa da Baffa a kasuwa. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi yara, muka tsaya muna kallon juna. Babu sauran wanda zai ba ni labarinsa.

Unguwar tamu tsohuwar hanyar shanu ce, har yanzu wasu garkuna suna ratsa ta da safe. Kowane makiyayi da irin kiransa, ba wanda ya yi daidai da na Baffa. Duk da haka, da zarar wani ya ɗaga murya a bayan katanga, nakan tsaya da buta a hannu, in ji kofato yana taka katako.

Kwanan baya wani abokin aikina ya tambaye ni ko yanzu ne lokacin sayen fili, ko ya jira farashi ya sauko. Yana da ƴan shanun gado a wajen Ɗan Gulbi. Na ce masa ban ga alamar saukowa ba, in ya jira baɗi ba zai iya ba, ya saya. Ya tashi zai tafi, na kira shi.

"Ka bar dillali ya karɓo su tun daga ruga," na ce. "Kada mai kiwonsu ya raka su bakin mota."