Ƙarafan Jira

Ranar 14 ga Maris, 1994, na fara ganin Lazaros Tsakiris, a ofishin ba da izinin gini na garinmu da ke kusa da Seres, inda nake akawu har yau. Ya shigo da zanen gida a naɗe a hammata, tafukan hannunsa duk kanta. Shekara ashirin ya yi a ƙasar waje, a wata masana'antar ƙarfe a birnin Stuttgart, ya dawo da abin da ya tara ya zuba shi kaf a fili ɗaya bayan coci.

Na buɗe zanen. Gidan ƙasa ne mai ɗaki uku, amma ginshiƙansa za su ɗauki bene biyu.

"Barba Lazaros, waɗannan ginshiƙai ai na otal ne," na ce. Barba muke kiran dattijo a nan, kamar a ce kawu.

"Na ɗana Fotis ne. Yaron yana aji huɗu. In ya yi aure sama zai hau, ni ina ƙasa ina jin takun jikokina. Kai dai buga hatiminka, akawu."

Na buga. Ya gina gidan, aka zuba kankare a sama, aka bar rodi tsaye a kan kowane ginshiƙi, irin waɗanda muke kira ƙarafan jira. Babu layin da ba za ka gan su ba a garin nan, sai dai nasa sun fi na kowa samun kulawa. Ya kifa robar ruwa a kan kowane tsini don kada ruwan sama ya taɓa shi, kuma duk kaka sai ya hau ya canza robobin ya shafa fenti.

Amma kankaren nan daɓen bene aka yi shi, ba rufi ba. Ruwa da ƙanƙara suka riƙa kwana a kansa, danshi ya bi gindin rodi, tsatsa ta kumbura ta tsaga siminti. Ɗakin kwanansu ya fara yoyo. Matarsa Evdokia ta jera kwanuka a ƙasa, daga baya ta kama tari.

Fotis ya gama karatu daidai lokacin da aiki ya ƙare a ƙasar. A 2012 ya tafi Stuttgart, garin da ubansa ya ƙarar da ƙuruciyarsa don kada ɗan ya taɓa zuwa.

Bayan shekara uku Evdokia ta zo ofis ita kaɗai, tana tari cikin gyale. "Yarona, yaya ake samun izinin ɗora rufi?" Na ce abu ne mai sauƙi, a yanke rodin a ɗora rufin tayil, sai dai gidan da sunan mijinta yake, dole ya sa hannu. Na cika takardun na kai masa shagon gahawa, inda tsofaffi ke buga karta.

Ina zama wani abokin kartarsa, Minas, ya ce, "Lazaros, gonar rodin taka ta yi 'ya'ya kuwa bana?"

"Ta fi kanka tsiro, mai sanƙo," Lazaros ya ce, aka yi dariya. Da ya ga takardun sai ya murtuke.

"Ita ta aiko ka?"

"Barba, ɗakin yana yoyo, kuma ka ji tarinta."

"Zan shafa kwalta."

"Ka shafa bara. In Fotis ya dawo ai ana iya cire rufin."

"Rodin da aka yanke yana tohowa ne? Ranar da na yanke su, na ce wa yaron kada ya dawo ke nan." Ya turo mini takardun, ya ɗauki kartarsa. "Wa ke da wasa?"

Fotis ya zo hutu a watan Agustan 2018. Evdokia ta ba ni labari cewa uban ya ja shi sama yana nuna masa inda falo zai zauna da inda za a fitar da baranda. A nan yaron ya gaya masa ya karɓi rancen banki ya sayi gida a Stuttgart, biyan shekara ashirin da biyar. Ya ce, "Baba, don Allah ka ɗora rufin nan, Mama ba ta da lafiya." Lazaros ya ce bashi ai ana biyansa a gama. Da kaka ta zo ya hau ya canza robobinsa.

Evdokia ta rasu da ciwon ƙirji a hunturun 2020, a ɗakin nan mai kwanuka. Lazaros ya bi ta bayan shekara biyu. Fotis ya zo jana'iza, ya bar wa lauya wakilci, aka sayar da gidan ga wani likitan haƙori daga Tasalonika. Takardar neman izinin rufinsa ta biyo ta teburina, na buga mata hatimi. Da safe aka fara yankan rodin, kafin rana ta take an gama. Gidan yana da jan rufi yanzu, ba ya yoyo, kuma likitan ya sa shi haya.