Sandunan da Na Tuge a Mashigi

A shekarata ta uku a jami'a a Gashuwa, mu huɗu muka tashi a ƙafa zuwa wata fadama ta wajen Dagona don ƙidayar tsuntsaye. Littafin ƙidayar yana jakata, aikin wata uku a cikinsa, babu kwafinsa ko'ina. Kafin tafiyar na karance abin da na samu a laburare kan ƙetare kogi, na jera ƙa'idoji bakwai da fensir a shafin ƙarshe, na ja musu layi da rula. Ban nuna wa kowa ba. Ni ba mai yawan magana ba ne.

Ƙa'ida ta farko ita ce kada ka shiga ruwa babu sanda a hannu.

Da hantsi muka iso wani reshen kogi, ruwan ja wur da laka. Sai ga sanduna huɗu a kafe a ciki, ɗaya gaba da ɗaya, a karkace, har kusa da tsallake. Na ce a raina Allah ya kawo sauƙi. Na shige gaba, abin da ban taɓa yi ba, na tuge ta farko na miƙa wa na bayana, na taka zuwa ta biyu na tuge, haka har kowa ya samu tasa, na ce musu haka na karanta a littafi. Ruwan bai wuce gwiwa ba.

Abokina ɗan Nguru, wanda ba ya barin kowa ya huta da tsokana, ya ce, "Kai! Ashe Malam Shiru na da amfani."

Ranar na wuni ina jin kaina.

Da la'asar muka dawo. Na sake shigewa gaba, sanda a hannu, na miƙe sak. Taku na goma ƙasa ta ƙare. Na sha ruwa, na taso, na sake sha, jakar tana bayana. Wani tsoho masunci ne ya iso da kwalekwale ya damƙo wuyan rigata.

Da numfashina ya daidaita a bakin gaɓa tsohon ya ce, "Sannu, ɗana, ba laifinka ba ne. Rami ne nan. Tudun da ake bi a karkace yake, shi ya sa muke kafa alama. Wani marar tsoron Allah ne ya tuge su yau. Mata masu tallan nono ma sai juyawa suka yi."

Sai idonsa ya sauka a hannuwanmu. Ya ƙirga sandunan da ido, a hankali.

Ɗan Nguru ya nuna ni ya ce, "Baba, ai shi ne malaminmu. Daga littafi ya karanto."

Tsohon bai yi faɗa ba. Ya zauna a kwalekwalensa yana nuna mana wuri da baki, muka mayar da kowace sanda raminta.

A ɗaki na buɗe littafin. Tawadar ƙidayar ta narke, shafukan sun zama shuɗi. Ƙa'idojin nan bakwai kuwa, da yake fensir ne, suna nan lafiya lau.

Sai da na sake wata uku ina zuwa fadamar. Duk ranar da tsohon ya hango ni a mashigin yakan ɗaga murya ya ce, "Ɗan boko, yau dai ka bar mana su?"