Malam ya ba da shaida daga cikin kwamfuta

Jama'a, yau mamaci ya yi magana a gabana! Ni ke faɗa, ɗiyata Saratu ke buga muku.

Kun san Alhaji Sani, ƙanen marigayi maigidana Malam, ya kafe wai gonar Furfuri ta bakin rafi tasa ce. Shekara biyu kwamfutar Malam tana hannunsa. Yau da hantsi anka kawo ta Gusau gaban dangi.

Saratu ta ce akwai wani gurbi, kalma ɗaya za ka sa, ya lalube takardun duka. Ta sa Furfuri, shiru. Ta sa sunana, Hauwa'u, shiru.

Alhaji ya yi dariya. "To Inna, sai haƙuri."

Na ce, "Kai yaro, shekara arba'in da zamanmu, ka taɓa jin wanka ya kama sunana? Saratu, sa 'Yar Wonaka, da sunan garinmu yake kirana."

Wallahi kafin ta ɗauke yatsa, sai ga layi ɗaya ya fito! Ta karanta: "Gonar bakin rafi ta 'Yar Wonaka ce, na ba ta da raina." Lafazinsa sak!

Ta danna ta buɗe takardar. Babu! Kwamfuta ta ce an goge ta. Amma layin na nan tsaye, ya ƙi gushewa.

Saratu ta ce, "Wanda ya goge bai san tana riƙe kalmomi wani wuri daban ba."

Duk munka juya ga Alhaji. Mutumin nan ya miƙe yana salati, ya fice ko takalmi bai tsaya sawa ba!