Gaban Baffa Sajo da Na'urar Ɗansa

Habibullah ɗan Baffa Sajo ne, daga wani ƙauye a gefen Sule Tankarkar, inda saboda zurfin rijiya sai an ɗaura wa sa igiya yake jawo guga. Tun yana yaro ba ya ganin abu mai juyawa ya ƙyale, rediyon gidansu ma bai tsira ba. Ya karanci injiniyanci, aiki ya ƙi samuwa, ya zauna gyaran janareta a Gumel. Duk abin da ya mallaka tsohuwar kwamfuta ce mai wata manhaja da ake zana inji a cikinta, a ɗora masa nauyi, a ga zai ɗauka ko zai karye tun ba a sayi ƙarfe ba.

A ciki ya zana wa Baffa injin jan ruwa na hannu. Ya tambayi zurfin rijiyar, Baffa ya ce gaba talatin ce. Sai Habibullah ya ware hannuwansa a bangon shago, ya auna, ya shigar. Kai jama'a! Shi fa ɗan tsurut ne, gajartar mahaifiyarsa ya ɗauko. Baffa kuwa sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ina gaban wannan, ina na wancan?

A kwamfuta inji ya juya lami lafiya. Habibullah ya yi ta naci, har Baffa ya kai san da ke ja musu ruwa kasuwar Maigatari ya sayar, aka sayo ƙarfe.

Tsakiyar bazara aka gwada. Igiya ta ƙare, guga na reto bai taɓa ruwa ba. Aka ƙara igiya, ta yi wa gangar da ke naɗe ta yawa, ta sarƙe, sandar tsakiya ta lanƙwashe. Habibullah ya auna gaban Baffa, ya shigar, nan take manhajar ta nuna ja daidai inda ƙarfen ya lanƙwashe. Ga shanu sun kewaye busasshen komin shan ruwa suna kuka. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

"Baffa, don Allah a ba ni zuwa Alhamis. Wallahi zan gyara."

"Su za ka roƙa," in ji Baffa, ya nuna shanun.

Tsohon ya tuɓe riga, ya ɗauko igiyar, ya fara ɗaura ta a ƙugunsa don ya ja gugan a madadin san. Habibullah ya riƙe ta yana hawaye.

"Sakar min igiya," Baffa ya ce. "Ni na sayar da san, ba kai ba."