Kujerar Baƙo a Manchok

Ko kiran assalatu ba a yi ba muka bar Zariya, ni da ƙanena. Jirgin ƙasa ya yi ta jan ciki har Kafanchan, daga nan motar katako ta ɗauke mu tare da akuyoyi, dutsen Kagoro yana rakiyarmu, har Manchok, garin mahaifiyarmu da ta rasu bara. Ba mu taɓa zuwa ba. Burina ɗaya ne, danginta su karɓe ni a matsayin ɗa.

Karɓa kam sun karɓe mu, har ta yi yawa. Aka ɗauko mana kujeru daga coci, aka kawo tuwon acca a farantin tangaran har da cokali, su kuwa suna ƙasa, hannu cikin ƙwarya ɗaya. Suna hira da yarensu ana ta dariya, da na matso sai kowa ya juya harshe zuwa Hausa. Ladabinsu ke nan, ba a barin baƙo cikin duhu. Ni kuwa ladabin ne yake cin raina.

Yayar mahaifiyarmu, tsohuwa mai ƙaramin jiki, ta dube ni ta ce, "Mamanka bai koya maka baki ba?"

Na ce, "A'a, Mama."

Ta ce, "To, sannu, Malam." Malam fa!

Ranar da za mu taho, ina ta kallon duwatsu kamar ɗan ƙauye a birni, na afka da takalmina cikin accar da yayar mahaifiyarmu ta shanya. Tsohuwar nan ta manta da Hausa. Ta zazzaga mini faɗa da yare, tana kaɗa muciya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san muryar. Haka mahaifiyarmu take yi idan mun kai ta bango. Mutanen gida suna ta ba ni haƙuri, ni kuwa hawaye nake yi don daɗi. Da ta gani sai ta ja hannuna ta zaunar da ni ƙasa, ta tura mini ƙwaryar tuwonsu.

Mun dawo Zariya lafiya. Abin da na koyo, a ƙasar mai harshe biyu, muddin ana lallaɓa ka da Hausa, baƙo ne kai. Yanzu nan gida kowa yana yi mini magana a hankali, ni kuma kewar faɗan nan nake yi.