Ƙafar da ke Taka Birki

Yayana direban motar makaranta ne, tun ina budurwa yake wannan aikin. Yara suna ce masa Baba Sannu-Sannu, don ko mai keke yakan wuce shi ya waiwayo ya gaishe shi. Shi ko a jikinsa. Ya san yaron da ke amai in aka zaunar da shi a baya, ya san gidan da sai an yi ta hon kafin uwar ta turo yaro da takalmi a hannu. Wasu da ya ɗauka a da, yau 'ya'yansu yake ɗauka. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a nesa, ni da motar nan kaɗai muka rage masa, kuma na san motar ce a gaba.

Bara ƙafarsa ta dama ta fara ciwo, daga kwankwaso har diddige. Ya shafa duk man da aka ce masa ya shafa, har ɗakinsa ya koma warin kantin magani. Ranar da na ga yana saukowa daga mota yana rungumar ƙofa, na tasa shi a gaba sai asibiti. Suka ɗauki hoto, suka ba shi ranar ganin likitan ƙashi. Shugabar makaranta ta ji labari, ta ce a zo mata da abin da likita ya faɗa. Nan hankalina ya tashi. Mutum mai furfura kamarsa, in aka karɓe makullin nan, wa zai ba shi wani?

Ana gobe za mu je, na same shi da yamma. Tun a asibiti wata nas ta ce a zo da hoton, da duk magungunan da yake sha, ya sa wando mai faɗi, ya kuma tuna yadda abin ya fara. Na tattara komai a leda, na jawo kujera na zauna a gabansa.

"Ni ce likita," na ce. "Ina ke ciwo?"

Ya nuna.

"Yana hana ka aiki?"

Ya buɗe baki zai amsa, na tare shi.

"Yaya, a nan a'a za ka ce. Ka ce da safe ne kawai, in ka motsa sai ya saki. Ban ce ka yi ƙarya ba, cewa na yi ka rage surutu."

"Auta," ya ce, "ba ciwon ba ne ya dame ni. Mutuwa ƙafar take yi."

Sai ya faɗa mini abin da bai faɗa wa kowa ba. Wata rana an tashi daga makaranta, mota cike da yara, ya zo mararrabar da ke gaban gidan mai. Wata yarinya ta shigo titi, ba ma 'yar makarantarsu ba, jakarta ta fi ta girma. Ya zo zai ɗaga ƙafa ya taka birki, ƙafar ta ƙi. Yana kallonta a kwance kamar ta wani. Birkin hannu ya fizga. Motar ta tsaya, yarinyar ta dafa gaban motar da tafin hannunta, ta kalle shi, ta wuce. Yaran da ke baya dariya ma suka yi, don sun faɗa kan juna.

"To ai ba abin da ya same ta," na ce.

"Na sani. Amma kullum sai ta tsallaka. Ko titi ba kowa, sai na gan ta. Na wanke gaban motar nan har fenti ya dushe, ina ganin wurin hannunta."

Wallahi haushinsa na ji, kuma tsoro ne ya sa. Na ce sau ɗaya ne, na ce gajiya ce, na ce kowane direba yana da irin ranar nan. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ba sau ɗaya ba ne. Na ɗauki mayafina na fita ko sallama ban yi ba. A hanya duk yaron da ya zo bakin titi sai gabana ya faɗi, har na riƙe hannun wani da ban sani ba na tsallakar da shi, yana ta fizgewa.

Washegari muka zauna a kan dogon benci, cikin masu sanda da masu filasta. Wani tsoho yana ta jan ƙafa daga wannan bango zuwa wancan. Yaya ya rungume ledarsa, wandon nan mai faɗi ya sa ya ƙara rama. Na san in ya shiga ya yi yadda na koya masa, gobe zai hau motarsa, kuma har a lokacin rabin zuciyata haka take so.

Nas ta leƙo ta kira shi. Ya miƙe da ƙyar, ya yi taku ɗaya, ya juyo.

"Tashi mu shiga tare."

"Ni kuma me zan yi a ciki?"

"Na san kaina, Auta. In na ga fuskar likita, zan ce da safe ne kawai." Ya kama hannuna. "In na ce haka, ke ki faɗa masa zancen yarinyar."

Na karɓi ledar daga hannunsa, na shige gaba.