Alkawarin da Na Yi wa Maso

Shekara goma sha ɗaya wani ɗan ƙasar Togo ya yi a ɗakin da ke jikin zaurena a Tibiri. Magini ne, maso kamar yadda muke cewa a nan, kuma da wannan sunan gari duka ya san shi, har nasa na gida ya ɓace a bakin mutane. Ni siminti da ƙarafan gini nake sayarwa a bakin kasuwa, ta nan muka san juna. Ginin ajujuwan wata lakwal, wato makarantar boko, ya kawo shi. Aiki ya ƙare, abokan aikinsa suka koma, shi ya tsaya saboda mutanen gari sun ga bangon da ya ɗora ba ya karkacewa, kowa yana so ya yi masa ɗaki.

Ni mutum ne mai faɗa, ba na ɓoyewa. Matata ta sani, 'ya'yana sun sani, masu ɗaukar mini kaya a kasuwa sun fi kowa sani. Amma Maso ban taɓa samun inda zan kama shi ba. In na ɗaga murya sai ya tsaya yana kallona har in gama, sannan ya ce, "To, Maigida, ta ƙare?" Hausarsa ta ciniki ce, namiji ya mai da shi mace, mace ya mai da ita namiji, sai dariya ta ƙwace mini, faɗan ya lalace.

Abu biyu yake tsoro a duniya, hanya da takarda. Shi kaɗai ne a Tibiri yake hawa bayan ɗan kabu-kabu da hular kwano a kansa, tasa ta kansa, ya saye ta yana yawo da ita kamar ƙwaryar fura. Matasa suna yi masa tsiya, ni ma ina yi. In zai tsallaka kwalta a Dogon Dutsi sai ya duba dama, ya duba hagu, ya sake duba dama, mu mun daɗe da hayewa muna jiransa a inuwa. Na taɓa ce masa wanda kwanansa ya ƙare ko a kan tabarma yake sai ya tafi. Ya ce, "Kai in ka faɗi a nan, gida ka faɗi. Ni fa?"

Takardunsa kuwa a cikin leda suke, an naɗe, an sake naɗewa, a aljihun gaba na rigarsa. Ko kan bango yake da su yake hawa. Duk ranar kasuwa in ya hango jandarma sai hannunsa ya tafi ƙirjinsa da kansa. Ban fahimci wannan ba a lokacin, don ni tunda aka haife ni babu wanda ya taɓa tare ni a garinmu ya ce in nuna shaidar cewa ni ne. Daga baya takardar da ofishin ƙasarsu ke ba su ta ƙare. Sabuntawa sai a Yamai, hanyar Yamai kuwa shinge ne bayan shinge, kowane shinge takardar za a tambaya. Ya rasa yadda zai yi ya je gyaran takarda ba tare da takarda ba. Ya ce bayan damina, damina ta wuce ya ce bayan sallah. Ana cikin haka aka rufe iyakoki, aka fara zancen sabuwar doka a kan baƙi da masu saukar da su, kowa da irin abin da ya ji a rediyo. Daga nan ko Dutsi ya daina zuwa sai dole.

A cikin waɗannan kwanaki ne, wata ranar Juma'a da hantsi, muna zaune a zaure yana wanke ƙafafunsa da siminti ya cinye, ya ce yana da magana. Ya ce shi ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa coci, abin da kakanninsa suka bi yake bi, kuma a wurinsu mutum ba ya kwana a waje har abada. Ya ce, "Maigida, in na mutu a nan, ka mai da ni gida. Uwata tana da rai." Ni ba na son irin wannan zance da safe. Na ce masa ya daina kira wa kansa mutuwa, ga shi garau kamar doki. Ya nace. Na ce, "To, na ji, in Allah ya so za a kai ka." Ya miƙo hannu muka tafa, na tashi na tafi kasuwa. Ban tambaye shi yaya ake kai mutum ba, ban karɓi lambar kowa nasa ba. Shekara goma sha ɗaya mutum yana shan ruwan randata, ban san sunan garinsu ba.

Cikin bazara abin ya faru, lokacin da zafi ke hana jaki tsayuwa a rana. Ya tafi duba wani gini a ƙauye, suna dawowa shi da ɗan kabu-kabu a kan babur, wata babbar mota ta kauce wa rami ta bi ta kansu. Ɗan kabu-kabun ya karye a cinya, ya rayu. Maso da hularsa a kai, ba ta ko tsage ba, ƙirjinsa motar ta samu. Kafin a kawo shi likita rai ya yi halinsa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka aiko mini.

Jandarman da ya rubuta abin da ya faru yaro ne mai ladabi, ba ɗan yankinmu ba. Ya tambaya waye nasa, mutane suka nuna ni. Ya buɗe ledar nan a gabana, ya duba, ya ga takardar ta daɗe da mutuwa, ya ɗago ya kalle ni. Wallahi bai ce mini komai ba a kan haka. Cewa kawai ya yi in ana so a kai shi ƙasarsu, sai a ɗauke shi zuwa Doso inda ake da ɗakin sanyi, a sanar da ofishin ƙasarsu a Yamai, a jira takardun fitar da gawa, kuma da yadda iyaka take bai san kwana nawa abin zai ci ba. In kuma za a rufe shi a nan, ya sa hannu in sa hannu, shi ke nan.

Zan faɗi gaskiya, don saboda ita na zauna rubuta wannan. Alkawarin ya faɗo mini a rai a wurin, ban manta ba. Amma kallon da yaron nan ya yi mini ya tsaya mini a wuya. Na hango kaina a Doso, a Yamai, daga wannan ofishi zuwa wancan, ana tambayata me ya sa na ajiye baƙo marar takarda a gidana ban kai rahoto ba. Na hango shagona a rufe. Sai na samo wa kaina dalilai, kuma duk dalilan gaskiya ne: ga zafi, ga wuta da ba ta zama, ga salularsa ta farfashe babu lambar kowa, ga hanya a toshe. Na ce a raina babu mai hankalin da zai ce in kai gawa bakin teku a wannan hali. Na karɓi biro na sa hannu.

Mu a wurinmu gaggauta rufe mamaci shi ne girmama shi. Wanda aka bari ya yini a ƙasa, shi ne marar gata. Da na koma unguwa na faɗa, babu wanda ya ce a dakata. Liman ya ce ba za a yi masa salla ba tunda ba musulmi ba ne, amma haƙƙin maƙwabtaka yana kanmu, a suturta shi. Wasu dattawa biyu da har yanzu suke bin al'adar gargajiya suka ce su za su wanke shi. Ni na kawo farin yadi, ni na riƙe hannunsa ana zuba ruwa, hannu duk kanta, farcen ya yi kauri da siminti a ƙarƙashi. Samarin unguwa, har da masu ɗage wando da ba sa ko amsa gaisuwar dattawan nan, su suka haƙa kabari a gefen maƙabarta. Mutanen da ya yi wa gini suka fito da yawa. Kafin la'asar mun rufe shi. Na dawo gida ina jin cewa mun fita kunya, har ina gaya wa mutane ko ɗan gari iyakar abin da za a yi masa ke nan. Matata ta share ɗakinsa tas, ta wanke tufafinsa, ta ƙone tarkacen da ba su da amfani, don in danginsa sun zo su tarar da wuri da tsabta.

Sai washegari na tuna akwai wata 'yar ƙasarsu mai gyaran gashi a Dogon Dutsi, yana kai mata gaisuwa lokaci-lokaci. Na hau mota na je. Da na gaya mata ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Da ta ji har an rufe shi sai ta daina kukan, ta tsura mini ido, ta ce, "Jiya-jiya?" Na ce jiya. Ta ce za ta kira gida. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce tsakanina da matar nan, da ma na zo wurinta kafin in sa hannu.

Kwana tara bayan haka ƙaninsa ya iso. Ta ƙasar Benin ya biyo, ya haye kogi a kwalekwale tunda gada a rufe take, ya kwana biyu a tasha. Kamarsu ɗaya, har matata ta juya baya da ta gan shi. Ba ya jin Hausa, ni kuma Faransancina na kasuwa ne, amma mun fahimci juna. Na ba shi ruwa, na yi masa gaisuwa, sannan na shiga jero masa dalilaina tun bai tambaya ba. Na yi ta magana, har da ɗaga murya, kamar wani ya zarge ni. Ya bari na gama. Ya ce ya gode, ya ji duk abin da muka yi, kuma babu wanda ya sa ran a kawo gawa daga nan, su ma sun san nisa.

Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗan akwati na katako, bai fi kwalin sukari girma ba, an shafe shi da farin fenti. Ya ajiye a tabarma tsakaninmu. Ya ce ya zo karɓar farcen da gashin.

Na ce wane farce.

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro. A gidansu in mutum ya mutu a nesa, kafin a rufe shi ana yanke farcensa na hannu da na ƙafa, a aske ɗan gashi daga kansa, a ƙulle a ƙyalle. Shi ake kaiwa gida, shi ake yi wa jana'iza, a binne a cikin dangi. In wannan ya isa, mutum ya iso. Gangar jikin kuwa duk inda ta kwanta ba komai. Ya ce ya ɗauka yayansa ya gaya mini, don ya taɓa faɗa musu a waya cewa maigidansa ya yi masa alkawari, hankalinsa a kwance yake.

Ashe abin da mutumin nan ya roƙe ni bai wuce aikin reza ɗaya ba. Babu Doso a ciki, babu Yamai, babu jandarma, babu takarda. Da na tsaya ranar Juma'ar nan na ce masa, yaya ake yi, da ya gaya mini cikin numfashi biyu. Hannun nan na riƙe shi da kaina, na ga farcen da idona, na sa yadi na rufe.

Muka shiga ɗakin muka duba ko za a samu wani abu, ko a matajinsa, ko a bakin reza. Matata ta riga ta wanke komai. Tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonmu, da ta gane abin da muke nema ta saka mayafi a fuska ta koma ciki. Na ce masa zan je wurin mai gari da alƙali in nemi izinin tono, ko me za a ce da ni a garin nan. Da gaske nake, a lokacin tsoron ya fita daga raina, sai dai ya fita a makare. Ya girgiza kai. Ya ce a gidansu kafin ƙasa ta rufe mutum ake yi, bayan haka ba a taɓa shi.

Da yamma na kai shi maƙabarta. Ya daɗe a tsaye yana magana da harshensu, ƙasa-ƙasa, ni ina baya. Da ya gama na durƙusa na ɗebo ƙasar kabarin a hannuna, na ce ko zai sa wannan a akwatin, ya fi a koma da shi babu komai. Ya dubi hannuna, ya ce, "Wannan ƙasarku ce, Baba. Ba shi ba ne." Bai faɗa da fushi ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kwana ɗaya ya yi. Da safe na ɗauki jakar kayan yayansa na raka shi tasha. Muna jiran mota ta cika na tambaye shi abin da ya hana ni sukuni tun jiya, na ce me zai gaya wa tsohuwa. Ya ce ta riga ta sa an gyara wuri kusa da kabarin mahaifinsu, dangi sun taru suna jiran ya dawo a sa rana. Ya gyara ɗan akwatin a kan cinyarsa. Ya ce, "Zan ce mata har yanzu yana Nijar."

Mota ta cika, ya shiga, na miƙa masa jakar ta taga.